A Buɗe Mini Ɗakin Gwaji Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Mai girma Farfesa,
Shugaban Tsangayar Kimiyya na makarantarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da fatan nauyin ofis yana zuwa maka da sauƙi.

Sunana Saratu Bulus, malama ce ni a sashen nazarin tsirrai. Na san ka san fuskata, domin ni ce matar nan da takan tare ka a bakin matakala da fayil a hannu, kai kuma ka ce mini, "Dokta, za mu duba." Na rubuta maka ta hannun shugaban sashe, na sake rubutawa ta hannun sakatariyarka, har yau ban ji amsa ba. Shi ya sa na fito da maganar fili, ba don in rage maka daraja ba, sai don lokaci ya ƙure mini.

An gaya mini cewa a zaman da kuka yi, da aka zo kan takardata, wani ya ce, "Ku rabu da ita, kishi ne kawai." Ban san wanda ya faɗa ba, ba na kuma neman sani. Gaskiya ya faɗa. Ina kishin Dokta Irmiya Danjuma, wanda kuka ba shugabancin binciken cutar citta tare da sabon ɗakin gwaji. Ina kwana da kishin, ina tashi da shi. Abin da nake so ka ji shi ne inda ya samo asali, da abin da zai salwanta idan aka tsaya a kan kalmar nan aka rufe fayil.

Na farko, aikina.

A wani ƙauye ta wajen Kachia aka haife ni, mahaifina manomin citta ne. Citta ce ta kai ni makaranta. Tun ina ƙarama na san yadda ake tsaga ta a shanya, na san yadda take sa tafin hannu zafi. Da na sami aikin koyarwa a nan, sai na zaɓi in yi bincike a kan funfunar da ke shiga saiwar citta ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa. A lokacin cutar ba ta damu kowa ba, takan ci kunya ɗaya ko biyu a gona ta tsaya. Abokan aiki suka sa mini suna Maman Citta. Na tuna ranar da na gabatar da aikina a taron ƙara wa juna sani, wani babba a cikinmu ya gyara tabarau ya ce, "Yanzu ke duk karatun nan naki a kan kayan shayi zai ƙare?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, domin ba ni da zaɓi.

Tsohon ɗakin gwajinmu ka san shi. Wuta ba ta zama, famfo ba ya kawo ruwa, tukunyar da ake tafasa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta ta lalace tun kafin ka hau kujerar nan. Saboda haka a kicin ɗina na unguwar Television na yi rabin binciken. Nakan sayo dankalin Turawa a kasuwa, in dafa, in tace ruwansa, in haɗa abincin da funfuna ke tsirowa a kai. Tukunyar dafa wake mai matse tururi ita ce ta zame mini na'ura. Duk ƙauyen da na je biki ko jana'iza, sai na dawo da ruɓaɓɓiyar citta a leda. Da haka na tara nau'o'in funfunar daga gonaki dabam-dabam, kowanne a cikin kwalbarsa, na jera su a ƙasan firijin gidana. 'Ya'yana sun taso da sanin cewa wannan wurin ba a taɓa shi. Maigidana yakan gaya wa baƙi cewa shi kaɗai ne a unguwar yake biyan kuɗin wuta don ruɓa ta sha sanyi.

Ban zauna haka kawai ba. Na wallafa abin da na samu a ƙananan mujallun kimiyya na gida, irin waɗanda kwamitin ƙarin girma ke kallo ya taɓe baki. A cikin biyu daga ciki na rubuta ƙarara cewa yadda ake ta maimaita iri ɗaya a ƙasa ɗaya, wata rana cutar za ta fi ƙarfin manoma. Takardun suna ɗakin karatu, ana iya dubawa.

Na biyu, Irmiya.

Ɗalibina ne. Ni na duba aikinsa na kammala digirin farko, ni na nuna masa yadda ake gasa bakin kwalba a wuta kafin a buɗe ta. Yaro ne mai kaifin basira da ladabi, ni na rubuta takardar da ta sa aka ɗauke shi aiki. Ofis ɗaya muka zauna, fanka ɗaya muke juyawa tsakaninmu.

Shekarar da gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje ya zo sashenmu, mu biyu muka nema. Shugaban sashe na wancan lokacin ya kira ni ya ce, "Saratu, idan kika tafi wa zai riƙe mana 'yan aji ɗaya? Shi bai yi nauyi ba tukuna. Ki bari na gaba naki ne." Na yarda. Irmiya ya tafi, aka ɗora mini azuzuwansa a kan nawa. Na gaban bai zo ba, ko kuma ya zo ban ji ba. Digirina na uku a nan gida na yi shi, a tsakanin darasi da darasi.

Ranka ya daɗe, ina roƙonka wata safiya ka leƙo babban zauren da nake koyar da 'yan aji ɗaya. Wasu a zaune, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya suna rubutu a kan gadon bayan na gabansu. Babu lasifika. Da makogwarona nake kai darasi har bango na ƙarshe, in na dawo gida ba na iya amsa gaisuwar maƙwabta sai da hannu. Lokacin jarrabawa a buhu nake ɗauko takardu, mai keke napep ya taɓa tambayata ko masara ce. Ba na raina wannan aiki. Akwai likitoci da malamai a garin nan da suka fara ganin ƙwayar halitta a madubin da na saita musu. Amma idan aka zo ƙarin girma ba a tambayar wanda ya tsaya a zauren nan. Maƙaloli ake dubawa, da sunan mujallar da suka fito.

Irmiya ya dawo da digiri mai kyau a kan cututtukan alkama. Kuka rage masa darasi domin ya samu sukunin bincike.

Na uku, shekarar da citta ta ruɓe.

Kowa a jihar nan ya san daminar da nake nufi. Yayana Ayuba, wanda ya gaji gonar mahaifinmu, ya kira ni ya ce, "Saratu, ki zo ki gani da idonki, ni ban san yadda zan faɗa miki ba." Na je. Tun daga bakin hanya warin ya tare ni. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, in ka ja kara sai ya zare a hannunka, saiwar ta narke kamar dafaffiyar kabewa. Ba gonarmu kaɗai ba, duk inda ido ya kai. Na ga dattawa suna tsaye a gona hannu a baya. Yaran da ake shirin biya wa makaranta suka zauna a gida. Aure nawa aka ɗaga a ƙauyenmu, ban ƙirga ba.

Na dawo da samfura, na rubuta maka bayani, na ce ga abin da na daɗe ina tarawa, a ba ni dama. Ba a jima ba wata ƙungiya mai ba da tallafin bincike ta zo neman wanda zai yi aiki a kan cutar. Ranar da kwamitinka ya zauna da su, ni ina zauren jarrabawa ina gadin ɗalibai, domin sunana ne a jadawali. Babu wanda ya aiko a kira ni. A allon sanarwa na ga sakamakon: Dokta Irmiya Danjuma, shugaban bincike. Can ƙasa kuma ga sunana, a gabansa an rubuta cewa zan taimaka wajen yi wa manoma bayani da harshensu.

Tafinta, ranka ya daɗe. Abin da kuka ga na dace da shi ke nan.

Na je wurin shugaban sashe. Ya rufe ƙofa ya ce mini a hankali, "Masu kuɗin nan suna son wanda suka san makarantar da ya fito, kuma Turancinsa irin nasu ne. Ki yi haƙuri." Na fahimta. Amma fahimta ba ta hana abu ciwo.

Na huɗu, abin da wannan ya mai da ni.

Zan faɗa dalla-dalla, domin ku da ke yanke irin wannan hukunci ku san abin da yake yi wa mutum. Sabon ɗakin gwajin yana kan hanyata ta zuwa aji. Kullum sai na wuce ta gaban tagarsa, in ji sanyin na'ura yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, in hangi farantan sola a kan rufi, in hangi madubin duba ƙwayoyin halitta da na yi shekaru ina ganin hotonsa a littafin 'yan kasuwa. Akwai wata hanyar ta bayan ɗakin karatu, na gwada bi, na kasa. Ƙafata da kanta take kawo ni.

Ranar da aka nuna shi a talabijin sanye da farar riga yana riƙe da citta, muna cin abinci, na tashi na shiga kicin na tsaya ba abin da nake yi. Ran Lahadi bayan sujada wata tsohuwa 'yar garinmu ta riƙe hannuna ta ce, "Saratu, ba ke ce mai aikin cittar nan ba? Ya muka ga wani yaro?" Na ce mata tare muke yi. Ƙarya na yi mata a ƙofar coci.

Da maƙalarsa ta farko ta fito a babbar mujalla, na buga ta a takarda, na ɗauki jan biro irin wanda nake yi wa ɗalibai maki da shi, na zauna neman kuskure. Na karanta, na sake karantawa. Babu. Aiki ne mai tsabta. A cikin 'yan watanni na'urarsa ta tantance abin da na yi shekaru ina zato. Ya ma ambaci takarduna biyu, ya rubuta sunana daidai. Da ya yi mini rashin kunya ko ya saci aikina, da na sami abin riƙewa, in yi fushi in huta. Bai yi ba. Har gobe idan ya gan ni sai ya rusuna ya karɓi jakata. Ni kuma in amsa gaisuwarsa, zuciyata tana ƙuna. Ba halina ba ne wannan, ban kuma zo aikin nan da shi ba.

Na biyar, kwalabena.

A bazarar da ta wuce taransifomar layinmu ta ƙone. Ka san yadda abin yake, a ce gobe, a ce jibi, a ce a haɗa kuɗi. Na ja da janareta iya ƙarfina, har man ya gagare ni. Na ga kwalaben sun fara gumi. Na haɗiye girman kaina, na zuba su a kula mai riƙe sanyi, na ɗauko keke na kawo su ƙofar sabon ɗakin. Irmiya ya fito. Na ce ya ba ni gefe ɗaya a firijinsa, ko da na ɗan lokaci ne.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, Allah ya sani da ni kaɗai ne da yanzu na buɗe miki. Amma an sa ni na sa hannu cewa babu abin da zai shiga nan daga waje sai da izinin Farfesa a rubuce. Bari in kira shi."

Ya kira a gabana, wayarka a kashe, kana wani taro a Abuja. Na bar takarda a ofishinka a ranar. Na sake zuwa, ban sami izinin ba. Na kai kular wajen mai sayar da ƙanƙara a Barnawa, ya riƙe mini kwana biyu, sannan ya ce masu sayen ruwa suna tambayar mene ne wannan, in zo in kwashe. Kafin wuta ta dawo, zafi ya busar da wasu, wata baƙar funfuna ta hau sauran ta cinye. Waɗanda na ɗebo tun kafin annobar, waɗanda su kaɗai za su nuna ko cutar ta sauya ne ko dama haka take, duk sun tafi. Ba za a sake samun su ba, domin gonakin da suka fito ma ba su nan yadda suke. Na tafasa kwalaben da hannuna na wanke.

Irmiya ya zo har gida. Ya zauna a bakin kujera kamar mai zuwa ta'aziyya, ya ƙi shan ruwa. Ya ce hasarar ta kowa ce. Daga nan ya ce zai sa sunana a maƙalarsa ta gaba. Na ce masa a'a, ban taɓa sa sunana a aikin da ban yi ba. Sai ya ce, "To ki zo ki yi aiki a ƙarƙashina mana, Malama. Suna ne kawai a takarda." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na sani. Na raka shi bakin ƙofa, na dawo na kasa cin abinci.

Na shida, kuma shi ne dalilin gaggawar.

A ƙauyenmu akwai wata gwauruwa, Mama Ladi, mai 'yar gona a gefen dutse. Irin da take shukawa tsohon iri ne ƙanana, mai yaji sosai, wanda 'yan kasuwa ba sa so, ta gaje shi daga uwar mijinta. A daminar da komai ya ruɓe, gonarta ta tsaya kore, alhali ta maƙwabcinta da ke jikinta ta mutu. Ta ba ni kaɗan. Na shuka a buhunan ƙasa a bayan ɗakina, sun yi, na haƙe na adana iri. Ko irin ne yake jure cutar, ko kuwa tudun dutsen ne bai riƙe ruwa ba ta tsira, ban sani ba. Ba a sanin wannan da ido. Sai an sa wa tsiron cutar da gangan a wuri mai tsabta, a ajiye wani iri a gefe a kwatanta. A kicin ba zai yiwu ba, ga shi kuma ba ni da funfunar da zan gwada da ita. Tana firijin Irmiya.

Labari ya riga ya bazu a gida. Mutane suna zuwa wurin Mama Ladi da kaji da awaki suna neman iri. Yaya Ayuba ya sayar da babur ɗinsa yana jira. Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "Hadari ya fara haɗuwa. Ke kika yi karatun. In saya in shuka, ko in bari in sa masara?" Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce, "Ni zan ba ki, sama ce ba za ta ba ki ba." Idan na ce ya shuka ya sake ruɓewa, na gama da shi. Idan na ce ya bari alhali irin mai kyau ne, na hana ƙauye guda mafita.

Ban gaya wa Irmiya labarin irin nan ba sai yanzu da zai karanta a nan. Na ɓoye ne don kada shi ma ya zama nasa. Ka ga inda kishin ya kai ni, har ya fara taɓa mutanen da ba ruwansu. A nan ne na tsorata, na zauna rubuta wannan wasiƙa.

Don haka ga roƙona.

Ka ba da izini a rubuce, a makon nan, in shiga ɗakin gwajin da irin Mama Ladi. Ko gwajin farko kaɗai aka yi kafin a gama shuka, zai ba ni abin da zan gaya wa mutane.

Ka sa a gyara matsayina a binciken. Ba na neman a tsige Irmiya, ya iya aikinsa. Ina neman a rubuta ni a matsayin mai bincike, wannan ɓangaren na iri ya zama a hannuna, sunan Mama Ladi kuma ya fito a duk abin da za a wallafa a kansa. Idan kwamiti ya ce wannan sai ya jira zama na gaba, to a bar ni in shiga yanzu a ƙarƙashinsa. Zan sa hannu. Zai yi mini ɗaci, amma zan sa.

A raba darussan 'yan aji ɗaya tsakanin malaman sashen duka, har da waɗanda suka dawo daga waje, a kuma saya wa zauren lasifika. Sannan a sauya dokar nan da ta sa makullin firiji yake tafiya Abuja a aljihun mutum ɗaya, kada wani ya sake yin hasarar da na yi.

Ranar Litinin da safe zan kawo buhunan irin in ajiye a ƙofar ɗakin, in wuce aji. Idan na fito na tarar an shigar da su, na gode. Idan na tarar da su inda na bar su, zan kira Yaya in ce masa ban sani ba, in kuma gaya masa dalili.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka hikimar riƙe mutanen da ke ƙarƙashinka, ya sa ka sauka daga kujerar nan ana yi maka kyakkyawar shaida. Allah ya ba manomanmu damina mai albarka. Irmiya kuma Allah ya ƙara ɗaukaka shi. Wannan addu'ar ta ƙarshe da ƙyar ta fito daga bakina, amma ta fito, kuma har zuciya nake so wata rana ta zo mini da sauƙi.

Na bar ka lafiya. Wassalam.

Taka mai biyayya,
Dokta Saratu Bulus,
Sashen Nazarin Tsirrai.
Daga unguwar Television, Kaduna.